Daga gizago zuwa injin zarto: tarihin aikin icce a Ƙonni, Malbaza da Illela

Yau aikin icce za mu taɓo. Abin da ya jawo maganar wata tambaya ce da ke yawo a bakin matasan kafintoci, musamman waɗanda sunka gama koyo, maigida ya sallame su, sunka kama 'yar rumfa tasu: in mutum ya tara 'yan kuɗɗinshi, wane injin zarto ya kamata ya saya? Ana nufin ƙaramin nan mai tebur, wanda mutum biyu ke ɗauka su aza bisa amalanke a kai shi wurin aiki. Mai sayarwa zai ce maka ka duba ƙarfinshi kawai. Mu kuwa muna ganin rabin amsar tana cikin tarihin yadda katako ya shigo ƙasar nan, don haka bari mu faro daga can.

Kakanninmu ba su san kafinta ba, masassaƙi sunka sani. Kayan aikinshi gatari ne da gizago, sai wuƙa ta gyaran baki da ƙarfen da yake sa wa wuta ya yi zane. Ba ya sayen icce, daji yake shiga ya zaɓa. Turmi da taɓarya sun fi son ƙirya don taurinta. Allon makaranta aduwa ce. Akushi a sassaƙa shi daga danya, ƙotar hauya da ta gatari a nemo reshen da ya zo da lanƙwasarshi tun daga bisa. Haka kujerar mata, muciya, sirdin doki, da kwangon ganga. Abin lura shi ne, duk waɗannan kaya daga gungume guda ake fid da su. Babu haɗi, babu ƙusa, babu gam. Masassaƙi rage icce yake yi har abin da ke cikin kanshi ya bayyana, mafi yawan gungumen kuma ya tafi a sassaƙe, mata su kwashe su hura wuta. Wannan ba ɓarna ba ce a lokacin, domin icce na nan, kuma ba kuɗɗi anka sa anka saye shi ba.

Gini ma bai nemi katako ba. Soron ƙasa da azara ake rufe shi, giginya ce ake tsagawa, gara ba ta cika cinta ba. Bakin ɗaki a rataya asabari ko tufaniya. Ƙyaure na icce sai gidan sarauta da na masu hali, kamar fadar Sarkin Adar a Illela ko ta Sarkin Ƙonni. Gado kuwa na kara ne ko na ƙasa.

Turawa sun shigo mana da wuta a hannu. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa, ta ƙone gari. A takardar da Faransa da Ingila sunka sa wa hannu a 1898, Ƙonni na cikin rabon Ingila, domin an zana wani da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Sai da anka sake shiri a 1904 da 1906 sannan Ƙonni ta koma hannun Faransa. Kada ku ce mun bar maganar katako. Wannan layin da anka ja shi ne ya sa har gobe kafintan Ƙonni yana biyan haraji a Nijar, yana sayar da aikinshi da sefa, amma katakonshi da ƙusarshi da yawan kayan aikinshi ta Illelar Nijeriya suke shigowa. Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, Yamai kuwa ta wuce 400.

Da mulkin Turawa anka fara bukatar abin da gizago ba ya iya yi: teburin ofis, benci, taga, akwati, allon bango na lakwal. Waɗannan sai an tsaga icce falle-falle, an auna, an haɗa. A nan zarto ya shigo, da wani sabon mai sana'a, wanda 'yan boko ke kira menuisier da Faransanci, mu kuma na bakin iyaka munka ɗauko sunan da ake kiranshi a Nijeriya, kafinta. Da yawa daga cikin na farko a garuruwan Nijar baƙi ne, mutanen Dahome da Togo da Yarbawa, a hannunsu 'yan ƙasa sunka koya. Katakon kanshi baƙo ne. Dajinmu ba ya fid da icce mai tsawo miƙaƙƙe da za a tsaga falanki mai mita huɗu. Daga kurmin kudancin Nijeriya yake tasowa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙaura Namoda a 1929, daga baya manyan motoci sunka karɓi jigilar. A garin Sapele na kudu kamfanin UAC ya kafa babbar ma'aikatar tsaga katako da yin fallen nan da ake mannawa hawa-hawa, wanda muke kira kwantirfilake. Har wani jan icce da ake yin kayan ɗaki da shi a Turai sunan garin ya ci. Farin katako mai laushi da jan katako mai nauyi da kafintocinmu ke rarrabewa, duk ɗiyan wancan kurmin ne, sai wanda ke biyowa ta Yamai daga Gana da Kodebuwa da Benin.

Bayan samun 'yanci a 1960 abubuwa uku sunka buɗe wa kafinta kasuwa. Na farko siminti. Ma'aikatar Malbaza ta fara aiki a 1966, kuma duk inda siminti ya shiga katako na biye da shi: na zuba kankare, na ɗaura kwano, na ƙofa da taga. Na biyu lakwal. A shekarun 1970, lokacin da kuɗɗin yuraniyom ke shigowa, an gina azuzuwa da ofisoshi da yawa, kowane aji kuma na son teburan zaman yara.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi su duka, ɗakin amarya ne. Uwayenmu mata su ne sunka raya sana'ar kafinta a ƙasar nan, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Gadon kara ya ba gadon ƙarfe wuri, irin na kamfanin Vono na Legas mai rumfa. Gadon ƙarfe ya ba na katako wuri, mai fomeka da madubi. Kwalla da kwanonin da a dā ake jerawa a ƙasa ko a liƙa a bango, sai ga su cikin kabad mai gilashi. Uwa ta yi shekaru tana adashi, ta sayar da akuya ko ta jira kuɗɗin albasa, don ranar jere kada a raina ɗiyarta. Kuma mata suna da ido. Ƙofar kabad da ba ta rufuwa daidai, ko durowar da sai an dake ta, kafin a watse daga wurin buki duk unguwa ta san sunan wanda ya yi. Aikin ƙwarai a wurinmu ba daga littafi ya zo ba, daga wannan idon ya zo.

Yayin da kasuwar kafinta ke buɗewa, dajin masassaƙi rufewa yake yi. Tun 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, gwamnatin Nijar ta yi tata a 1974, ta sabunta a 2004. Gawo, giginya da maɗaci na cikin itatuwan da ba a sara sai da izini, kowa ya san tsoron mushen daji. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe abin da gatari ya bari. An yi ƙoƙarin maidowa, kamar layukan bedi da anka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, amma bedi na ba da sanda da makamashi ne, ba falankin kabad ba. Kudun ma da muke dogara da ita ba kamar dā take ba. Maɗobiya dai Sinawa sun yi ta kwasarta daga Afirka ta Yamma har sai da anka sa ta cikin itatuwan da duniya ke sa ido kan cinikinsu, daga farkon 2017. Ga rufe iyaka: daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan daga juyin mulkin Yulin 2023 zuwa Maris na 2024. Duk kafintan da ya yi aiki a waɗannan watanni ya san yadda falanki guda ya koma kamar zinariya.

To kun ga inda munka dosa. Cikin abin da bai wuce shekara 100 da 'yan kai ba, mun tashi daga icce na kyauta da ake zubar da fiye da rabinshi, mun koma katakon da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, anka biya mota, anka biya duwan, anka canji naira da sefa a kanshi. A shekara guda, katakon da zai bi ta kan teburin ƙaramin kafinta mai samun aiki ya fi kuɗɗin injin. Don haka tambayar farko ga injin zarto ita ce: katako nawa zai ɓata mini?

Shi wannan inji tsoho ne a duniya. Tun 1777 wani Bature mai suna Samuel Miller ya yi rajistar zarto mai kewayawa a Ingila. A 1906 Wilhelm Altendorf na Jamus ya ƙera mai teburin da ke zamewa, irin wanda manyan ma'aikatun kayan ɗaki ke amfani da shi har yau. Mu abin da ya fara iso mana shi ne babban injin 'yan katako, inda kake kai falankinka a tsaga maka ka biya. Sai kuma ƙirar gida: mai walda ya haɗa tebur na ƙarfe, a samo tsohon mota mai naɗin waya, a ɗaura bel, a kafa faifan zarto tsirara a tsakiya. Kada a raina wannan ƙira. Tana da ƙarfi, tana jure zafi da ƙura, in ta ƙone akwai mai sake naɗa ta a cikin gari. Aibinta biyu ne. Ba ta yanka daidai, domin abin da ake jingina katako a jikinshi sau da yawa guntun icce ne da anka danne da maƙala, kuma ba ta da wani abin kare hannu ko kaɗan.

Ƙaramin na kamfani, irin su Makita, Bosch, DeWalt, ko Ingco da Total na Sin da sunka cika kasuwa yanzu, abin da yake sayar maka shi ne daidaito. Ga misali kowa ya lissafa da kanshi. Fallen kwantirfilake faɗinshi santimita 122 ne, tsawonshi 244. Kana son ka fid da hawa huɗu na kabad, kowane santimita 30. Yanka uku za ka yi, kowane yanka haƙoran zarto na cinye kamar milimita 3 su maida shi gari. Abin da ya rage maka na sarari bai wuce santimita 1 da ɗan kai ba. In injinka na karkacewa da rabin santimita a kowane yanka, hawa na huɗu ya tafi, sai ka taɓa sabon falle. Ribar aikin kenan ta bi iska.

Saboda haka ranar saye, a fara da ƙarfen jagora, wato dogon ƙarfen nan na gefe da katako ke bi. A kulle shi, a tura shi da hannu daga can ƙarshe. In ya motsa, a bar injin nan ko da kyauta ne. A auna daga jagora zuwa haƙori guda a gaban faifai, a juya wannan haƙorin baya a sake aunawa, awon biyu su zo ɗaya. A aza miƙaƙƙen ƙarfe bisa teburin a leƙa ko haske na wucewa ta ƙasa. Sannan a duba ko jagoran na buɗewa har santimita 61, don in bai kai ba, ba za ka iya raba falle biyu daidai ba. Wanda bai yarda ka yi wannan awon a shagonshi ba, ya san abin da yake ɓoyewa. Jabu kuma ya yi yawa, suna a jikin kwali ba shaida ba ne.

Sai faifai. Mai haƙora 24 na tsaga icce a tsaye ne, yana da sauri amma yana barin kaushi. Mai 40 na aikin yau da kullum. Kwantirfilake da allunan nan masu rufin roba da ake yin kabad na zamani da su, sai mai 60 zuwa 80, in ba haka ba bakin ya ɓarɓashe, kuma babu sanfefar da za ta gyara. Matsakaicin inji da faifai mai kyau ya fi babban inji da faifan banza. Akwai wani tarko a nan da ba a cika faɗa ba: ramin tsakiyar faifai ba ɗaya ba ne. Na Turai milimita 30 ne, na Amurka bai kai 16 ba, wasu na Asiya 25 da ɗan kai. Ka tabbatar irin da injinka ke ci ana samunshi a Ƙonni ko Sakkwato ko Maraɗi, kada ka zauna jiran saƙo daga Kano aiki na hannunka.

Maganar kuran ita ma tarihi ce. An kafa NIGELEC a 1968, amma ƙauyuka da yawa na Malbaza da Illela har yanzu ba su ga waya ba. Wani ɓangare na wutar yankinmu daga Nijeriya yake, ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa. An ƙara da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a ƙarshen 2018, amma da Nijeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 kowa ya ga iyakarmu. Waɗannan ƙananan injuna suna cin wat 1,500 zuwa 2,000, kuma lokacin tashi suna fizgar ninki biyu ko uku na haka. Ƙaramin janareta na kallon talabijin ba ya tada su. Wanda zai sayi inji ya sa kuɗɗin janaretan da ya kai wat 3,000 ko fiye cikin lissafi, ya kuma fifita injin da ke tashi a hankali ba da fizga ba. Masu sayen na gwanjo su karanta ɗan allon da ke jikin motan. Wutarmu 220 ce. Na Amurka 120 yake ci, wasu na Ingila masu ruwan ɗorawar filogi 110. Ka sa shi kai tsaye a namu, hayaƙi ne zai ba ka amsa.

Kuma a san halin motanshi. Ba irin na ƙirar gida ba ne mai wuni yana juyawa. Wannan da gawayi yake aiki, abin da masu gyara ke kira sharbon, yana cinyewa, ƙurar hunturu da garin katako na ƙara cinye shi. A sayi na canji tun ranar farko, a riƙa hure injin kowace yamma. Zurfin yankanshi bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba. Wanda ya ce zai wuni yana tura mishi jan katako mai kauri a zafin watan Afrilu, ba zai kai damina da shi ba. Shawararmu a raba aiki: tsagar farko a kai wa babban injin 'yan katako, ƙaramin a bar shi ga yankan ƙarshe, inda milimita ke da daraja, da kuma aikin da ake zuwa yi a gidan mutane.

Akwai wani abu da ya haɗa asalin katakonmu da lafiyar hannunmu. Icce daga kurmi yake zuwa, ƙasar ruwa, sau da yawa ɗanye. Ya iso nan iska ta bushe, sai ya fara ƙanƙancewa yana murɗewa. Shi ya sa gadon da anka haɗa da kaka, kafin bazara haɗinshi ya buɗe baki. Mai son aikin ƙwarai ya jera falankinshi a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani, ya ba shi makonni. Ɗanyen katako kuma shi ne ke matse faifai ta baya ana cikin yanka, injin ya yi harbi kamar jaki, ya jefo katakon cikin mai turawa, ko ya ja hannunshi zuwa haƙora. Maganin wannan wani siririn ƙarfe ne mai lanƙwasa da ke tsaye bayan faifai, yana hana tsagar rufewa. Injin da ba shi da wannan ƙarfen kada a saye shi. Abin takaici, da yawa in sun sayi mai shi, shi suke fara kwancewa tare da murfin sama, wai suna tare musu gani.

A Amurka, inda ake lissafin irin wannan, sama da mutum 30,000 ke zuwa asibiti kowace shekara saboda wannan inji, dubbai daga cikinsu da yatsa a yanke. Har wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro inji a 1999, SawStop, wanda ke tsayawa cak da zarar haƙori ya taɓa fatar mutum. Tsadarshi ta fi ƙarfin rumfunanmu, kuma duk tsayawa guda sai an canja wani sashe da ba a sayarwa a nan. Namu abin kariyar ba ya cin ko dala: sandar turi, guntun katako mai ƙugiya a baki, da za a riƙa tura duk abin da faɗinshi bai kai tafin hannu ba. A cire babbar riga da rawani mai jela kafin a kunna, a tsaya gefe ba saitin faifai ba.

Masu gida kuma, yaran da uwayensu sunka kawo muku koyo amana ne. A dā yaro kan yi shekaru yana jan zarton hannu kafin a bar shi ya taɓa katakon mutane, a nan yake koyon yadda icce ke tafiya da inda yake gardama. Yanzu wata biyu da zuwanshi sai a ce ya tsaga, maigida ya tafi kasuwar Laraba. Daga Ƙonni zuwa asibitin Galmi tafiya ce, daga ƙauyukan Illela ta fi haka, kuma yatsan da faifai mai juyi 4,000 a minti ya ɗauke ba a cika maida shi ba. In za ku fita, ku zare filogi ku tafi da mabuɗin rumfa.